Jan Farce a Cikin Kwamfutar Sharu

A unguwarmu ta Hausawa a Gadarif, ƙasar Sudan, akwai wani ɗan kasuwar riɗi mai suna Uzairu. Na san shi tun yana yawo da gajeren wando, don katanga ɗaya ce tsakanin gidanmu da nasu. Ba ɓarawo ba ne, ba maƙaryaci ba ne, salla ba ta wuce shi. Ciwonsa ɗaya ne, zargi. Uzairu bai yarda da kowa ba. In ka gaishe shi da fara'a sai ya fara tunanin abin da kake nema a wajensa. In ya kai yadi wurin tela sai ya ce a ajiye masa ƙyallayen da suka rage, ya zo gida ya jera su ya ga ko sun cika. Buhunansa na riɗi kowanne yana da wata alama a ƙasan ɗinki wadda shi kaɗai ya sani. Mun yi masa magana har mun gaji. Kullum amsarsa ita ce mutanen yanzu sai da sa ido, mu kuma in ya faɗi haka sai mu kama bakinmu.

Mahaifinsa, Sharu, ba haka yake ba ko kaɗan. Dattijo ne mai sakin fuska. Ya yi shekaru yana aikin rubutu a wurin wani attajiri a Jidda, da zai dawo gida ya zo da wata kwamfutar gida irin ta da, wadda madannanta suke haɗe da jikinta, ana jona ta da talabijin, haruffan Larabci su fito manya-manya. Mu dai jihaz muke ce mata. Da ita ya riƙa rubuta wa mutane takardu shekara da shekaru, har yatsunsa suka san wurin kowane harafi ba sai ya duba ba.

Sai tsufa ya zo masa da nauyi. Yanar ido ta rufe masa idanu, ba ya ganin komai sai haske da inuwa. Bayan haka ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama shi, ya ɗauke masa magana da hannun dama. Alƙalami ya gagare shi. An yi masa allon kwali mai haruffa don ya riƙa nunawa, amma ba ya gani. An aro masa sabuwar kwamfuta, ya shafa madannanta ya ji haruffan ba a inda ya san su suke ba, ya ture ta. Tsohuwar jihaz ɗin nan kaɗai ta rage masa. Matar Uzairu, Ummuhani, takan ɗora masa ita a kan cinya yana kishingiɗe a kan angarib, wato gadon igiya, ya lalubi madannai da yatsa ɗaya na hagu, ita kuma ta karanta a talabijin. Da haka yake cewa a ba shi ruwa, da haka yake tsokanar jikokinsa, da haka yake yi mana barka da Juma'a. Jihaz ɗin nan ita ce bakin Sharu, kowa a unguwa ya san haka.

Wata shekara bayan damina madannan suka fara mutuwa. Yau wannan ya ƙi, gobe wancan. Kafin su ƙarasa mutuwa, Sharu ya samu ya rubuta magana ɗaya da kyar: a kira masa Sauda, yana da magana da ita. Sauda 'yarsa ce, yayar Uzairu, tana aure a Jidda. Rabonta da gida tun kafin ciwon, kuma ba su rabu da daɗi ba, don sun yi sa'insa a kan wani al'amari na gida ta tafi da fushi. Da aka yi mata waya ta fashe da kuka, ta ce za ta zo da zarar mijinta ya sama mata takardar fita, amma ba za ta daɗe ba. Bayan nan jihaz ta yi shiru gaba ɗaya, Sharu ma ya yi shiru.

A kasuwar Gadarif mutum ɗaya ne yake taɓa irin waɗannan tsofaffin injuna, Usta Abduljalil. Shagonsa ɗan ƙarami ne a layin masu gyaran rediyo, cike da gawarwakin kwamfutoci har rufi. A lokacin ƙasar tana cikin takunkumi, kayan gyara ba sa shigowa, kamfanin da ya ƙera irin jihaz ɗin Sharu ma ya daɗe da daina yin ta. Duk mai gyara da matattun injuna yake rayuwa, ya ciro nan ya liƙa can. Su isber suke ce wa irin wannan kayan. Wannan ne ya sa mutane suke tsoron masu gyara, ana cewa suna zare mai kyau daga injin mutum su sa masa ruɓaɓɓe. Akwai masu yin hakan, ba na musu. Amma Abduljalil shekara nawa yana layin nan ba a taɓa kama shi da ko ƙusa ɗaya ba.

To, ka san Uzairu. Kafin ya kai jihaz ɗin sai ya shiga ɗaki ya kulle ƙofa, ya kwance ta da kansa. Ya ɗauko ragowar jan farcen da Sauda ta taɓa aiko wa Ummuhani tsaraba, ya bi duk wani abin da ke ciki yana ɗiga masa ɗigo ɗaya, allon ciki, ƙarfen da ke ƙarƙashin madannai, har bayan madannan kansu. Ummuhani ta gan shi ta taga, ta ce masa wannan ai cin fuska ne ga mutumin da za ka nemi taimakonsa. Ya ce mata ita mace ce, ba ta san kasuwa ba. Ya bari ya bushe, ya mayar ya ɗaure, ya naɗe ta a tawul ya tafi.

Abduljalil ya buɗe ta a gabansa. Ya ɗan tsaya yana kallon ciki. Daga baya ne muka san abin da ya gani. Ya ɗaga madannan ya nuna wa Uzairu wata leda siririya da ke shimfiɗe a ƙarƙashinsu, mai layuka kamar na azurfa. Ya ce ita ce take kai saƙon kowane madanni, kuma tsufa ya tsattsage layukanta, ba ta gyaruwa. Sai dai a samo wata daga jikin matacciyar jihaz irinta. Ya ce shi ba shi da ita, amma zai nema, don Sharu ya taɓa rubuta wa mahaifiyarsa takarda bai karɓi komai ba.

Uzairu ya dawo gida yana huci. Wai ka ji mutum, shago cike da injuna ya ce ba shi da leda ɗaya. Wai so yake ya riƙe jihaz ɗin ya samu damar yashe ta. Wai kuma ya ji warin isbirto, sinadarin nan dangin barasa, a shagon, alhali kowa ya san zamanin da muke ciki, a kama ka da abin maye bulala ce a bainar jama'a, to me mutumin kirki yake yi da isbirto? Na ce masa haba Uzairu, da shi suke wanke cikin injuna, a kantin magani yake sayensa a fili. Ya kalle ni irin kallon da yake yi wa duk wanda ya kare wani, wato ni ma an ba ni nawa kason. Raina ya ɓaci, na tashi na bar masa wurin.

Makonni suka wuce. Kusan kullum sai Uzairu ya bi ta layin masu rediyo, ba don ya gaisa ba, sai don ya leƙa ya ga jihaz ɗin tana kan kanta ko an taɓa ta. In ya tarar da shagon a rufe sai ya ce an tafi sayar da kayan ubansa. Gaskiyar magana kuwa Abduljalil yawon nema yake yi. Ya tambayi direbobin Kassala, ya aika wa abokan sana'arsa a Khartum, ya bi gidajen waɗanda suka yi zaman Saudiyya yana tambayar ko akwai wadda yara suka yasar a ɗakin ajiya. A gida kuma Sharu yana kwance, in an shigo sai ya riƙa buga yatsansa a kan cinyarsa, Ummuhani ta ce masa ana gyara, Baba, an kusa. Tana fita sai ta share hawaye.

A ƙarshe wani kwandasta ya ba Abduljalil labarin wani tsohon malami a garin Shuwak da yake da irinta, ruwan sama ya kashe ta tuntuni. Abduljalil ya rufe shagonsa ranar kasuwa, ya hau mota ya je. Malamin ya yi ta jan rai don ta ɗansa ce da ya rasu, sai da ya ji labarin Sharu sannan ya sake ta. Allah ya taimaka, ledar da ke ciki lafiyarta lau. Abduljalil ya dawo ya wanke jihaz ɗin Sharu tas, ya sa mata ledar, ya jona da talabijin ɗin shago ya danna kowane harafi a gaban Uzairu. Duka suka fito. A daidai kwanakin nan Sauda ta yi waya ta ce ta sauka a Khartum, gobe tana hanya.

Da Abduljalil zai miƙa wa Uzairu jihaz ɗin sai ya riƙe hannunsa ya ce, "Ya Uzairu, abu ɗaya zan roƙe ka. Kada ka buɗe ta. Wutsiyar ledar nan ta bushe, da addu'a na zura ta a raminta. In aka ɗaga murfin aka ja ta, za ta karye, kuma wallahi ban san inda zan sami wata ba. Ka kai wa Sharu haka."

Wani mutum da ya ji wannan magana zai rungume jihaz ɗin kamar jariri ya kai gida. Shi Uzairu abin da kunnensa ya ji daban ne. Kada ka buɗe! Ai shi ke nan, an kama ɓarawo. Me zai sa mutum ya hana ka duba cikin kayanka in ba akwai abin da ya ɓoye ba? Ya yi godiya ta fatar baki, ya fito. Maimakon ya nufi gida, inda ubansa yake kwance yana jiran bakinsa, sai ya nufi shagonsa na riɗi. Ya sauke ƙofa rabi da rana tsaka, ya shimfiɗa buhu, ya ɗauko abin kwance ƙusa.

Ya ɗaga murfin kaɗan ya leƙa. Babu ja a ƙarfen. Ya ciro madanni ɗaya ya juya bayansa, babu ja. Ya ciro wani, babu. Daɗi ya kama shi, wai zarginsa ya tabbata. Saura allon ciki, wanda yake can ƙasa. Ya sa hannu ya wangale murfin gaba ɗaya don ya gani da kyau. Sai ya ji ɗan ƙaramin sauti, ƙas, kamar an karya busasshen ganye. Wutsiyar ledar ta rabu biyu, rabi a cikin rami, rabi yana lilo.

Ko a nan bai ga laifin kansa ba. Ya tattara jihaz ɗin a buɗe ya koma layin masu rediyo yana ɗaga murya, wai an yashe masa kaya, wai ina alamominsa. Mutane suka taru. Abduljalil bai kula hayaniyar ba, idonsa yana kan wutsiyar da ta karye. Ya zauna a kan kujera. Sannan ya jawo gwangwanin da yake zuba audugar da ya yi aiki da ita, ya juye a kan tebur. Audugar duk ta yi ja.

Ya ce, "Ga alamominka. Tun ranar da ka kawo ta na gan su, na kuma san abin da kake nufi da su. Raina ya sosu, amma na yi shiru saboda Sharu. Isbirton da na wanke ta da shi ne ya ɗauke su. Duba kusurwar allon can, inda auduga ba ta kai ba."

Uzairu ya duba. Ɗigo ɗaya yana nan a lungu, ja wur, yadda ya ɗiga shi da hannunsa. Allon ubansa ne, ƙarfen ubansa ne, madannan ubansa ne. Abduljalil ya ɗauko tsohuwar ledar ma daga aljihun tebur, da nata ɗigon, ya ajiye masa. Mutanen da suka taru suka watse ɗaya bayan ɗaya. Duk da wannan wulaƙanci Abduljalil bai kore shi ba. Ya yi ta ƙoƙarin haɗa wutsiyar har la'asar ta yi, amma duk inda ya taɓa sai ta ƙara marmashewa. Ya ɗaure murfin ya ce zai sake nema, sai dai ba shi da alkawarin rana.

Uzairu ya shigo gida da ita a naɗe a tawul, ya tura ta ƙarƙashin gado. Bai gaya wa kowa ba. Da Ummuhani ta tambaya ya ce an karɓo, a bari sai yaya Sauda ta iso.

Washegari da hantsi Sauda ta iso. Ina cikin waɗanda suka shiga yi mata sannu da zuwa, don haka abin da zan faɗa yanzu da idona na gani. Ta durƙusa a gaban angarib ta kama hannun ubanta tana kuka. Sharu ya shafa fuskarta, ya shafa kanta, sannan ya fara buga yatsa a cinyarsa da sauri. Ummuhani ta tashi da murna ta ɗauko jihaz ɗin, ta jona da talabijin, ta ɗora masa. Uzairu yana tsaye a bakin ƙofa.

Sharu ya lalubi madannan, fuskarsa ta washe. Ya fara dannawa. Muka juya muka kalli talabijin. Shuɗi ne fayau, da ɗan farin tabo yana ƙiftawa a kusurwa, ba ya motsi. Ummuhani ta taɓa wayar da ta jona, ta girgiza ta, babu abin da ya canza. Ta kalli mijinta, ya sunkuyar da kai, a nan ta gane ya sake buɗe ta. Shi kuwa tsoho bai san komai ba, tunda ba ya gani. Ya ci gaba da rubutu a hankali, harafi bayan harafi. Yakan tsaya ya huta, ya yi tunani, ya ci gaba. A wani wuri hawaye ya zubo masa, a wani wuri ya ɗan yi murmushi. Ya daɗe ƙwarai yana yi. Duk abin da ya tara wa 'yarsa a zuciya tsawon shekarun nan ya zuba shi a kan madannan, ko harafi ɗaya bai fito ba. Ba wanda ya iya buɗe baki ya tsayar da shi.

Da ya gama ya ɗauke hannunsa, ya juyo da fuskarsa inda yake jin numfashin Sauda, yana jiran amsa.

Sauda ta kalli shuɗin talabijin ɗin, ta kalli ubanta. Ta haɗiye kukanta ta ce, "Na karanta, Baba. Na ji duka. Ka yafe mini, ni ma babu komai a raina."

Sharu ya gyaɗa kai, ya lumshe ido, ya saki jikinsa a kan matashi. Sauda ta tashi ta fita tsakar gida, Ummuhani ta bi ta ta raɗa mata abin da ta gane. Uzairu ya bi ta zai yi bayani, ta ɗaga masa hannu. Ta ce masa, cikin murya ƙasa-ƙasa don kada tsoho ya ji, "Me ya ce mini, Uzairu? Kai da kake son ganin cikin komai, gaya mini abin da ubana ya ce."

Ba wanda ya san abin da Sharu ya rubuta.

Ummuhani ta so a gaya wa Sharu gaskiya in an sami wata ledar, ya sake rubutawa. Hakan bai samu ba. Jikinsa ya ƙara rauni a kwanakin da suka biyo baya, kafin hutun Sauda ya ƙare Allah ya karɓi abinsa. Ana zaman makoki sai ga Abduljalil ya shigo da ƙurar hanya a jikinsa. Daga garin Mafaza yake, ya samo wata ledar a wurin wani mai injin niƙa, tana naɗe a jarida a aljihun rigarsa. A bakin layi ya ga rumfar makoki. Ya yi ta'aziyya, ya zauna kaɗan, da zai tafi ya ajiye ƙunshin a gaban Uzairu. Uzairu ya buɗe ya gani, ya kifa kansa a gwiwa ya yi kukan da ban taɓa jin namiji ya yi ba. Ni da nake jin haushinsa shekara da shekaru, ranar nan tausayinsa ya kama ni. Sauda ta koma Jidda, kuma har yau in an yi maganar mahaifinta takan ce ba ta san da me ya rabu da ita ba.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, yin hattara daban, mugun zato daban. Ba laifi ba ne mutum ya kula da kayansa, ya kuma bincika wanda zai ba amana kafin ya ba shi. Amma in ka bincika ka sami mutumin kirki, to ka yarda da shi, ka ji shawararsa. Mai zargi yana jin gargaɗi ya ɗauke shi shaidar laifi, yana ganin alheri ya ɗauke shi tarko, har ya lalata da hannunsa abin da yake tsoron wani ya lalata masa. Babu wanda ya cuci Uzairu. Shi ya ɓata sunan wanda ya yi masa wahala, shi ya hana ubansa maganarsa ta ƙarshe, shi ya bar yayarsa da tambayar da ba mai amsa mata. Kafin ka zargi mutum, ka tsaya ka tambayi kanka abin da ka gani da idonka, ka kuma tuna waɗanda za su sha wahala in zatonka bai zama gaskiya ba.